Jinginar Gidan Kawu

Ranar da muka binne kawu, falon 'yarsa da ke unguwar Bin Mahmud a Doha bai ɗauke mu ba. Takalma suka cika bakin ƙofa har suka gangara kan matattakala. Mai gadin ginin ya hau sau biyu yana roƙon a ba da hanya. A hawa na uku, da ya gane rasuwa aka yi, sai ya tuɓe nasa takalman ya shigo, ya ɗaga hannu aka shafa da shi. Likitoci sun zo da kayan aiki a jikinsu. Direbobi 'yan uwana suka ajiye motoci inda aka hana, suka ce in tara ce a rubuta. Mutanen Zongo na Gana kuwa bas guda suka cika.

Kowa da abin da ya riƙe na marigayin. Wani malamin jami'a ya ce ranar da ya fara sauka Doha bai san kowa ba, kawu ne ya ji Hausa a bakinsa a kanti, ya biyo shi har waje ya ce, "Kai ɗan ina ne, kuma ka ci abinci?" Wani direba ya ce lokacin da kafil ɗinsa, wato ubangidan da yake zaune a kan takardunsa, ya riƙe masa albashi, kawu ya raka shi ofis, ya zauna tun safe har azahar, bai ɗaga murya ba, bai kuma tashi ba, sai da aka kira akawu aka biya. Abokinsa na kusa, wani dattijo mutumin Kumasi da suka shekara ashirin suna aiki a sito ɗaya, yana zaune a gefe. Yana ta buga cinyarsa yana cewa, "Ei, Alaji. Ei, Alaji."

Ni ina bakin ƙofa da fulas ɗin shayi, ina zuba wa mutane. Duk wanda ya karɓi kofi sai ya ce, "Sannu da haƙuri, ai kai ne ɗan gidansa." Ina amsawa kaina a sunkuye. Suna zaton kuka ne ke tafe. Akwai kukan, amma ba shi ya sunkuyar mini da kai ba.

Daga ɗakin mata na jiyo wata tana tambayar Inna, matar kawu, ko yanzu wurin 'yarta za ta ci gaba da zama. Inna ta ce, "Ina! In na fita takaba gida zan koma. Ya gina mini ɗakina a Funtuwa, me zan zauna yi a hawa na biyar, ba tsakar gida ba kaji?"

Takaba wata huɗu ce da kwana goma. A cikin wayata kuwa akwai hoton wata takardar kotu da ta ce in ba a biya bashin banki ba, gidan nan na Funtuwa ya zama na banki har abada. Wa'adin saura kwana arba'in da bakwai. Duk cikin mutanen da ke falon, har da wanda muka baro a maƙabarta, ni kaɗai na san da takardar.

Ni ba marubuci ba ne. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, sana'ata tuƙi. Wanda ya ga karkata a rubutun nan ya yi haƙuri da ni.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma shi ya nemo mini aikin da ya kawo ni ƙasar nan. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai "ɗan Yaya". Kafin ya amsa gaisuwata sai ya tambaya, "Ka kira uwarka?" In na ce na kira jiya, sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Na jiya ya wuce, kira na yau."

Kula da sito ne aikinsa a wani kamfani, kuma ko ƙusa ɗaya ce ya san inda take kwance. Da ya yi ritaya, 'yarsa likita ta riƙe shi da Inna a kan takardunta. Daga ranar ya samu abin tsokana. In zai fita sai ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, "Ranki ya daɗe kafil, a ba ni izinin zuwa masallaci." Larabcinsa bayan duk shekarun nan bai wuce yalla, wato mu je, da halas, wato shi ke nan, da in sha Allahu ba, amma da waɗannan ukun na sha ganin ya raba faɗa tsakanin mutanen da ba sa jin yaren juna. Kullum da safe sai ya sha shayin karak, kullum kuma sai ya kushe shi. "Madara ce da sukari," in ji shi, "ganyen shayin leƙowa kawai ya yi." Ranar Juma'a bayan masallaci akwai tuwo a gidansa, ko waye ya zo. Duk mai dawowa daga gida ya san dole ya taho masa da kuka da daddawa. Maƙwabta suka fara ƙorafin wari a barandar ginin, ya aika musu da kwano ɗaiɗai, ƙorafin ya mutu.

Ni da 'yarsa taubasai ne, wasanmu kuma bai da ranar hutu. Ina sallama za ta ce, "Ga bawan gidanmu ya iso, a miƙa masa tsintsiya." In ce, "Likitar da ba ta iya dama kunu ba, Allah ya tsare marasa lafiya." Kawu ya yi ta dariya har ya ƙware, Inna tana buga masa baya tana cewa mun haukata mata miji.

Akwai abin da ya faru a cikin motata da ya kamata in faɗa, don in ba a san shi ba ba za a gane yadda aka yi kawu ya sa hannu a takardar banki ba. Wata rana ina kai shi asibiti a Al-Sadd, ƙaninsa ya kira daga ƙauye. Akwai wata gona da wani maƙwabci ya jinginar wa mahaifinsu a wata shekarar yunwa, tun kawu yana saurayi. Mai gonar ya rasu, ɗansa ma ya rasu, su kawu suka gaji noman ta, suka zuba mata taki har ta fi duk gonakinsu albarka. Sai ga jika ya zo da kuɗin da aka karɓa a wancan lokacin, yana so ya fanshi gonar kakansa.

Ina jin muryar ƙanin ta waya yana cewa, "Yaya, kuɗin da ya kawo ko buhun taki ɗaya ba za su saya ba."

Kawu ya ce, "Nawa Baba ya ba kakansa?"

Ya faɗa.

"Nawa ya kawo?"

"Haka ya kawo."

"To me kake so in ce? Ku cire amfanin bana, ku ba shi gonarsa. Riƙo aka ba mu. Ranar da mai abu ya zo, abinsa ne, ko bayan shekara nawa." Ya kashe waya, ya ce mini in rage sanyin motar.

Haka ya taso ya gani, haka ya yi, haka kuma ya ɗauka duk mai riƙe da abin wani yake yi.

Shekara huɗu da suka wuce muka je hutu gida tare. Na ce masa na gaji da tuƙa mutane, ina so in sayi babbar mota ta hannu in sa ta ɗaukar hatsi. Wani banki ya ce zai ba ni, amma sai da takardar gida. Ni ko fuloti ba ni da shi. Ban roƙe shi kai tsaye ba, na dai yi ta zagaye-zagaye har ya gaji ya ce, "Ɗan Yaya, takardata kake so, ka faɗa mana." Ya tambaye ni ko akwai kuɗin ruwa a ciki. Na ce ɗan ladan aiki ne kawai. Ƙarya ta farko ke nan.

A banki, ma'aikacin bai ɓoye mana komai ba, ba zan ɗora masa ba. Ya ce, "Alhaji, ka san in aka kasa biya za mu je kotu, gidan zai iya tafiya?" Kawu ya yi murmushi kamar mai jin shirme. Ya ce, "Haba, takardata tana hannunku, hankalinku a kwance yake. Me zai kai ku kotu? Ku riƙe. Ranar da muka kawo kuɗinku ku ba mu abinmu." Ma'aikacin ya dube ni, ya ce ko na karanta masa sharuɗɗan. Na ce na karanta. Shafuka ne masu yawa da Turanci, ko na farko ban gama ba. A wurin lambar waya na sa tawa, a wurin adireshin aika wasiƙa na sa na ƙanena.

Motar ta yi shekara ɗaya da rabi tana aiki. Da damina ta biyu ta kife a wata gada da kayan mutane, Allah ya sa ba a rasa rai ba. Inshorar da na yi mata ta nuna wa 'yan sanda ce kawai. Na biya masu hatsi, na ci gaba da biyan banki daga albashina, sai na fara tsallake wata, daga baya na daina gaba ɗaya. Wasiƙu suka fara zuwa. Ƙanena yana ɗaukar hotonsu yana turo mini, ni ina ce masa ya ajiye. In na ga lambar banki sai in kife wayar a kan kujera in ƙara sautin rediyo.

Ana cikin haka kawu ya yi ritaya, aka ba shi kuɗin sallama. Wata Juma'a da safe ya ce in kai shi bakin ruwa ya miƙe ƙafa. Muka zauna a kan benci, ya ce, "Ɗan Yaya, kuɗi sun shigo. Nawa ya rage wa mutanen nan? Mu biya mu karɓo takarda, ka huta."

A ranar, kuɗin da ke hannunsa sun isa su biya har da saura. Abin da ake so kawai in buɗe baki. Amma in na yarda ya biya, zai ga lissafin, zai ga kuɗin ruwan da na ce babu, zai ga wata biyar da ban biya ba, zai san motar da nake ce masa tana kan hanya ta daɗe a wurin masu gwangwan. Sai na ce, "Saura kaɗan, Kawu. Wata shida na gama. Ka bar ni in fita kunyar kaina."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Madalla. Ai babu sauri, takarda ba ta ruɓewa a hannunsu."

Da kuɗin ya sa aka yi wa mahaifiyata aikin yanar ido, ta koma ganin allura da zare. Ya kai Inna Umra. Sauran ya sake rufin gidan Funtuwa, ya haƙa rijiyar burtsatse a tsakar gida. Yana nuna mini hoton ruwan na zuba a waya yana murna, ni ina cewa ma sha Allahu, alhali na san gidan da yake zuba wa kuɗi yana zamewa daga hannunsa.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi, a bara. Na ce masa na tura wa mahaifiyata kuɗin azumi, ashe ya riga ya yi magana da ita, ta ce ba ta ga komai ba, ta kuma roƙe shi kada ya yi mini faɗa. A gaban tuwon Juma'a ya ajiye lomarsa ya ce, "In ba ka da shi ka ce ba ka da shi. Ban hana ka talauci ba, ni ma na yi. Amma ka dubi idona ka shirya mini magana? Tashi ka ba ni wuri." Taubashiyata ta buɗe baki za ta mayar da abin wasa, ya ɗaga mata hannu. Na fita ban wanke hannu ba.

Juma'a uku ban je ba, bai kira ba. A ta huɗu, da la'asar, rana tana dukan ƙasa kamar za ta tsage, aka ƙwanƙwasa ɗakin da muke haya mu huɗu a Al Wukair. Kawu ne, da kular abinci a hannu. Jirgin ƙasa ya hau, ya sauka ya hau bas, sannan ya tako da ƙafa, mutum mai ciwon zuciya. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya zauna a bakin gadona yana haki, ya ce, "Innarku ta ce miyar tana yin yawa in ba ka nan. Ni ba ruwana, aiko ni aka yi."

Na ci ina hawaye. Da na gama ya ce, "Wancan ya wuce, halas. Amma tunda na zo, in tambaye ka. Akwai wani abu kuma da ba ka faɗa mini ba?"

A cikin makon nan ne ƙanena ya turo hoton hukuncin kotu. An yi ta aiko da sammaci ban tura kowa ba, aka yanke a bayan idonmu, aka ba da wata shida. Wayar tana aljihuna, tana taɓa cinyata. Ya zuba mini ido yana jira, ba da fushi ba.

Na ce, "Babu, Kawu."

Ya ce, "To alhamdu lillahi," ya miƙe, ya ce in mayar da shi gida tunda ni nake da mota.

Daga ranar kullum ina cewa gobe zan faɗa masa, in na haɗa wani abu a hannu tukuna. Wata huɗu da 'yan kwanaki bayan haka, ya dawo daga sallar azahar ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin la'asar ya cika.

Kwana huɗu da binne shi na kira wani lauya a gida, ina zaune cikin mota a bayan wani kanti. Na tura masa hoton, ya karanta, ya yi mini bayani da Hausa tsantsa. Ya ce hukunci kam an yi, amma gidan bai tafi ba tukuna. Doka ta bar wa mai gida damar ya fanshi abinsa kafin wa'adi ya cika. Sai dai ba a karɓar rabi. Uwar kuɗi, da ruwan da ya taru, da kuɗin shari'a, duka a lokaci ɗaya. In ranar ta wuce kotu ta tabbatar da hukuncin, ko ninki biyu muka kawo banki yana iya cewa ba ya so. Na ce ba a ƙara lokaci? Ya ce akan ƙara jefi-jefi, amma kada in kwana a kan wannan.

"Ina mai gidan?" in ji shi.

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. To damar fansar ta koma kan magada. Sun sani?"

Na kifa goshina a kan sitiyari.

"Malam, ina jin numfashinka. Sun sani ko ba su sani ba?"

Duk da haka sai da na ƙara cinye kwana tara. Na je wurin adashinmu na direbobi na roƙi a ba ni kwasa kafin layina, aka ba ni, bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Abinci ya daina shiga. Ina tuƙi ina lissafi, har na wuce da wata fasinja inda za ta sauka sau biyu, ta kai ƙarata kamfani. Kullum da yamma ina zuwa gaida Inna daga bakin ƙofa, tana sa mini albarka, tana cewa in ta koma gida ɗakin da ke kusa da zaure nawa ne duk ranar da na zo hutu.

Dattijon nan na Kumasi ne ya tare ni wata rana bayan sallar la'asar. Ya ce, "Kai, wannan rama ba ta mutuwa ba ne. Na ga mutuwa da yawa. Mene ne?" Ban san lokacin da na faɗa masa komai ba, a tsaye, a jikin motata. Ya saurara har na gama. Sannan ya kama wuyan hannuna ya ce, "Yalla. Yau ɗin nan. In ka ce gobe, wallahi ni zan je in faɗa."

Taubashiyata ce ta buɗe ƙofa, dawowarta ke nan daga aiki. Tun rasuwar ba ta yi wasa ba, sai a ranar ta ɗan yi murmushi ta ce, "Yau bawa da ɗan rakiya ya zo? Me ka sata?"

Na miƙa mata wayar. Ta karanta a tsaye, ta koma sama ta sake karantawa.

"Baba ya sani?"

"Bai sani ba."

"Lokacin da aka ba shi kuɗin sallama, ka san da wannan bashin a haka?"

"Na sani."

Sai ta kira ni da sunana na yanka, abin da ba ta taɓa yi ba tun muna yara. Ta fara magana da Turanci, muryarta na tashi. Daga cikin ɗaki Inna ta ce, "Ku daina yi mini Turanci a ka. Me ya faru?"

'Yarta ta tsaya a bakin ƙofar ta gaya mata, ba ta rage komai ba. Ni ina durƙushe a kan kafet. Na jira salati, na jira zagi. Ko ɗaya bai zo ba. Can Inna ta ce, "Saura kwana nawa?"

Na ce, "Talatin da huɗu."

Ta ce, "Ni dai ba fita zan yi ba, kun sani. Kuma ba zan yi kuka biyu a wata ɗaya ba. Faɗa ya jira. Ku je ku karɓo mini ɗakina."

Na sayar da motata, wadda ban daɗe da gama biyan kuɗinta ba. Taubashiyata ta kwashe abin da take tara wa 'ya'yanta na makaranta. Inna ta turo gwala-gwalanta a ƙulle cikin ɗankwali, ta ce dama mai takaba ba ta sa su. Dattijon Kumasi ya kawo ambulan, ya ce in na tambaye shi nawa ne a ciki zai mare ni. Muka haɗa, kashi ɗaya cikin uku bai samu ba.

Akwai wani maƙwabci a Funtuwa da ya daɗe yana son bayan gidan kawu don ya faɗaɗa nasa. Ya ji labari, ya ce zai cika sauran, da sharaɗin in takarda ta fito a yanka masa bayan gidan. Taubashiyata ta ce sam. Ƙannenta biyu maza da ke gida su ma suka ce sam, ƙaramin ya kira ni ya faɗa mini maganganun da ba zan rubuta ba, ban kuma ce ya yi ƙarya ba. Kwana shida ana neman wata hanya, ba a samu ba. Inna ce ta yanke. Ta ce, "Da a rasa duka, a ba shi bayan. Ku sa hannu."

Sannan muka faɗa wata wahalar da ban taɓa tunani ba. Nan ana hutu Juma'a da Asabar, can ana hutu Asabar da Lahadi. Kowane mako kwana uku ne ke tafiya a banza. Kuɗin da muka tura daga nan aka riƙe su ana bincike, saboda yawansu. Ina zuwa wurin masu tura kuɗi safe da yamma har ma'aikacin ya san fuskata, da ya hango ni sai ya girgiza kai. Saura kwana tara, saura takwas, saura bakwai. Lauya yana kira yana cewa, "Malam, alƙali ba ya karɓar 'suna kan hanya'." Da kuɗin suka sauka, aka ce lissafin ya ƙaru da ruwan kwanakin da suka wuce. Mahaifiyata, da ba mu so ta ji ba, ta ji. Ta sayar da tumakinta biyu ta aika wa lauya da kanta. Har yau ba ta yi mini maganar ba, kuma shirun nata ya fi mini duka ciwo.

Ranar wata Alhamis, saura kwana huɗu, ina tsaye cikin bas da rana tsaka, hoton rasit ya shigo wayata. Na sauka a tashar da ba tawa ba, na zauna a gefen titi. Na tura wa taubashiyata. Ta amsa da kalma ɗaya: "Na gani."

Takardar ta fito bayan makonni. Maƙwabci bai ɓata lokaci ba, ya kawo masu awo, ya ja katanga. Rijiyar burtsatse ta faɗa ɓangarensa. Kowane ƙarshen wata yanzu ina tura wa taubashiyata abin da na iya, ita kuma tana rubutawa. Muna gaisawa. Ba ta ƙara kirana bawa ba.

Da Inna ta fita takaba, na ari motar wani abokina na kai ta filin jirgi. Muna jiran a auna kaya, 'yarta ta tafi karɓo takardar shiga, sai ta ce in matso. Tun ranar nan ba ta yi mini magana mai tsawo ba.

Ta ce, "Ka san abin da ake faɗa a unguwa?"

Na ce ban sani ba.

"Ana cewa Alhaji ya shekara ashirin da wani abu a ƙasar Larabawa, ashe bashin banki yake ci da ruwa, har ya mutu aka yanki gidansa. Jiya wata ta kira ni wai tana yi mini jaje, haka ta faɗa mini da bakinta." Ta gyara mayafinta. "Bayan gida na yafe. Gwal na yafe. Ruwa zan saya a wurin 'yan garuwa kamar kowa. Wannan ne ban yafe ba, sai ka gyara. Mutumin nan ba ya nan balle ya wanke kansa. Ka rubuta yadda aka yi, kada ka rage naka, a karanta a zaure, a tura wa duk wanda ya san shi, nan da can."

Na ce, "Inna, ban iya rubutu ba."

Ta ce, "Ka iya sa hannu a banki."

To ga shi na rubuta. Jama'ar Funtuwa, da 'yan uwa na Doha da suka yi masa salla: kawu bai ci bashin banki ba, bai ci ruwa ba, ko sisi na kuɗin nan bai shiga aljihunsa ba. Ya ba ɗan yayarsa amana, ya tambaye shi gaskiya sau uku, sau uku aka yi masa ƙarya. Duk wanda ya wuce ya ga sabuwar katanga a tsakiyar gidansa, ya sani ni ne sanadinta.

Allah ya jiƙan kawu, ya yalwata masa makwanci fiye da gidan da na rage masa. Wanda ya karanta ya yi masa addu'a. In ta ragu, ya sa ni a ciki.